Ƙa'idojin Koyar da Haziƙan Ɗalibai



Gabatarwa

An nemi in yi magana yau a kan ƙa'idojin koyar da haziƙan ɗalibai, watau yaran nan da Allah ya yi wa baiwar kaifin basira fiye da tsararrakinsu. Na san akwai waɗanda za su ce a ransu, ƙasar da miliyoyin yara ba su ma sami shiga aji ba, ina ta ga sararin damuwa da wanda ya riga ya fi kowa? Wasu kuma su kawo karin maganar nan da ke cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Karin maganar gaskiya ce a muhallinta, amma ba a yi ta domin mai kiwon kaji ya kwana ya bar akurki a buɗe ba. Carar zakaran da ya tsira ita muke ji. Waɗanda muzuru ya kama kuwa ba mai ƙidaya su, tun da ba su yi carar ba balle a san an yi hasararsu.

Abin da nake so in tabbatar a wannan lacca abu ɗaya ne. Haziƙi ɗalibi ne kamar kowane ɗalibi, yana da hakkin ya koma gida kowace rana ya san wani abu wanda bai sani ba da safe. A cikin aji irin namu kuwa, inda ake tara yara bisa ga shekarunsu a ba su darasi guda a lokaci guda, shi ne wanda wannan hakki ya fi kuɓuce wa, domin rabin abin da ake koyarwa ya riga ya sani, sauran rabin kuma ya gane shi tun a bayanin farko. Ƙa'idojin da zan kawo guda bakwai ne, dukkansu kuwa daga wannan tushe suka tsiro.

Wane ne haziƙi?

Awon basira irin na zamani ya samo asali ne daga ƙasar Faransa, inda Alfred Binet da Theodore Simon suka shirya gwajinsu a shekarar 1905. Nufinsu shi ne a gano yaran da karatu ke ba wuya domin a taimake su. Wani malami a Jami'ar Stanford ta Amurka, Lewis Terman, ya gyara wannan gwaji a 1916, sa'an nan a 1921 ya yi amfani da shi ya zaɓi yara kimanin 1,500 mafi yawan maki a jihar Kalifoniya, aka yi ta bin diddigin rayuwarsu har suka tsufa. Binciken ya rushe wata tsohuwar fahimta da ke cewa haziƙin yaro rarrauna ne mai yawan ciwo, wanda ƙarshensa taɓin hankali. Yawancinsu sun tashi lafiyayyu, sun yi karatu mai zurfi, sun riƙe manyan ayyuka.

Amma binciken ya nuna wani abu kuma. Ba ko ɗaya daga cikin yaran nan da ya sami lambar yabo ta Nobel, alhali wani yaro mai suna William Shockley, wanda aka gwada aka ce makinsa bai kai ba, shi ya same ta a fannin kimiyyar fiziks a 1956. Har wa yau, da aka kwatanta mazan da suka fi samun nasara a cikin rukunin da waɗanda suka fi komawa baya, sai aka tarar bambancin makinsu na basira kaɗan ne. Inda suka sha bamban shi ne naci, da amincewa da kai, da sanin abin da mutum ya sa gaba, da kuma irin gidan da suka fito.

Saboda irin wannan ne masana suka faɗaɗa ma'anar hazaƙa. Rahoton Marland da aka gabatar wa majalisar dokokin Amurka a 1972 ya lissafa fannoni shida, ciki har da iya shugabanci da fasahar zane da kiɗa. A 1978 kuma Joseph Renzulli ya ce aikin hazaƙa yana bayyana ne inda abubuwa uku suka haɗu: basira da ta ɗara ta tsaka-tsaki, da naci a kan aiki, da iya ƙirƙiro sabon abu. Wanda zan kira haziƙi a wannan lacca shi ne yaron da, a wani fanni ko fannoni, yake koyo da sauri da zurfi har darasin tsararrakinsa ya kasa ƙosar da shi. Wannan ma'ana ita ta fi amfani ga malami, domin ta ɗora hukunci a kan abin da yaron ke bukata.

Ƙa'ida ta farko: a neme shi ko'ina, kuma kada a dogara da awo guda

Ba a koyar da wanda ba a gano ba. Malamai da yawa in aka ce su nuna haziƙin ajinsu, sai su nuna yaro mai tsabta, mai ladabi, mai kyan rubutu, wanda ke zuwa na ɗaya. Sau da yawa sun yi daidai. Amma akwai haziƙin da gundura ta mai da shi mai surutu da tsokana, akwai wanda ya yi shiru a bayan aji domin ya gaji da jira, akwai yarinyar da aka koya wa cewa yawan tambaya rashin kunya ne, akwai kuma ɗan ƙauyen da ke warware lissafin kasuwa a ka, amma in aka rubuta masa tambayar da Turanci sai ya tsaya. Jarrabawar da aka yi wa irin wannan yaro da harshen da bai mallaka ba, Turancinsa ta auna, basirarsa kuwa tana nan ba a taɓa ta ba.

Akwai darasi a abin da ya faru a wata babbar gundumar makarantu ta jihar Florida a Amurka. Da can iyaye da malamai ne ke gabatar da sunayen yaran da za a gwada. A shekarar 2005 aka soma gwada kowane yaro na aji biyu da gwajin siffofi da zane wanda bai dogara da harshe ba. Masana tattalin arziki biyu, David Card da Laura Giuliano, sun bi sakamakon, suka tarar adadin 'ya'yan talakawa da na baƙar fata da na masu jin harshen Sifaniyanci da aka gano ya ƙaru ƙwarai. Yaran suna nan tun da can, ba wanda ya kawo sunansu ne kawai. Ashe ke nan ƙa'idar ita ce a gwada kowa, a haɗa sakamakon da shaidar malami da aikin da yaro ya yi da hannunsa, kuma a maimaita neman lokaci lokaci, domin wani yaron ba ya buɗewa sai ya kai sakandare.

Ƙa'ida ta biyu: a fara daga inda saninsa ya tsaya

Masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya yi bayanin cewa koyo yana faruwa ne a tsakanin abin da yaro zai iya yi shi kaɗai da abin da zai iya yi in an ɗan tallafa masa. Abin da ke ƙasa da wannan fage maimaici ne, abin da ya yi masa nisa kuma wahalar banza ce. Aikin malami na farko shi ne ya gano inda fagen kowane yaro yake.

Hanyar yin haka ba ta da tsada. Kafin a shiga sabon babi, malami ya ba da gajeren gwaji a kan abin da babin ya ƙunsa, ko ya ɗauko tambayoyi biyar mafi wuya na ƙarshen babin ya ce duk mai so ya gwada. Wanda ya ci huɗu cikin biyar ba shi da bukatar zama mako biyu yana sauraron abin da ya sani. Sai a cike masa ɗan gurbin da ya rage, a ba shi wani aiki a lokacin da ya samu. Wannan shi ake kira taƙaita manhaja. A wani bincike da Sally Reis da abokan aikinta suka buga a 1993, malaman firamare a Amurka sun cire wa haziƙan ɗalibansu kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na abin da ke cikin manhaja a wasu darussa, kuma da aka yi jarrabawa ba a ga sun koma bayan takwarorinsu da suka zauna aka yi musu duka ba. Tun kafin wannan, Leta Hollingworth, wadda ta jagoranci ajujuwan haziƙai a makarantar Speyer ta birnin New York daga 1936, ta lura cewa haziƙin yaro yana ɓata kusan rabin lokacinsa a aji na yau da kullum.

Ƙa'ida ta uku: a bar shi ya yi tafiya gwargwadon ƙafarsa

A nan ba mu da bukatar zuwa wata ƙasa neman misali. A makarantar allo kowane yaro da allonsa. In ya riƙe abin da aka biya masa ya wanke, a ƙara masa, ba ya jiran na kusa da shi. A karatun zaure ma haka yake, kowane ɗalibi yakan zo da littafinsa, ya karanta gwargwadon abin da zai iya ɗauka, malam ya fassara masa, in ya sauke wannan littafi ya ɗauki na gaba. Matakan masu karatun Alƙur'ani, daga kolo zuwa titibiri da gardi har a kai ga alaramma da gwani, da abin da mutum ya iya ake hawansu. Tsarin aji da muka karɓa daga Turawa ya zo da alherai masu yawa, ya ba da damar koyar da jama'a da dama a lokaci guda, amma ya ɗaure ci gaban yaro da kalanda.

Gaggauta karatun haziƙi yana da hanyoyi da yawa. Ana iya shigar da shi makaranta da wuri, ko a tsallakar da shi aji, ko a bar shi a ajinsa amma ya riƙa zuwa aji na gaba a darasin da ya yi fice kaɗai, kamar ɗan aji huɗu ya ɗauki lissafi tare da 'yan aji shida. Wani rahoto da Jami'ar Iowa ta fitar a 2004 ya lissafa irin waɗannan hanyoyi har 18.

Tsoron da iyaye da malamai ke yi shi ne kada yaro ya ƙone, ko ya rasa abokai. Amsar wannan tana cikin binciken da Julian Stanley ya fara a Jami'ar Johns Hopkins a 1971. Ya riƙa ba yara 'yan shekara 12 zuwa 13 jarrabawar lissafi da aka shirya don masu neman shiga jami'a, domin ya ga iyakar kowa, tun da jarrabawar ajinsu duk cinye ta suke yi. Camilla Benbow da David Lubinski suka ci gaba da aikin, aka bi mutum wajen 5,000 shekaru da dama. An tarar waɗanda aka tsallakar da su aji sun fi takwarorinsu masu basira iri ɗaya samun digirin digirgir da wallafa bincike, kuma da suka kai shekara 50 ba a ga gaggautawar ta rage musu kwanciyar hankali ba.

Sai dai a yi hattara. Akwai bambanci tsakanin wannan da al'adar da ta yaɗu a biranenmu, inda ake cire yaro daga aji huɗu ko biyar na firamare a kai shi sakandare domin iyaye su yi alfahari ko su rage kuɗin makaranta, ba tare da an auna shi ba. Sharuɗɗan tsallake aji su ne a gwada yaron da aikin ajin da za shi ya nuna ya fi yawancin 'yan ajin, shi da kansa ya so, malamin da zai karɓe shi ya yarda, a kuma ba da 'yan makonni na gwaji wanda in abin bai yi ba zai koma ba tare da an kunyata shi ba. A shekarar 2025 an tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a a Nijeriya, amma hukumar JAMB ta bar ƙofa ga wanda bai kai ba in ya ci maki 320 cikin 400 ya kuma tsallake ƙarin tantancewa. Ko mutum ya yarda da wannan adadi ko bai yarda ba, tunanin da ke bayansa daidai ne, a yi doka domin jama'a, a bar ƙofa domin wanda ya kawo hujja.

Ƙa'ida ta huɗu: a zurfafa masa, kada a ƙara masa lodi

Kuskuren da muka fi yi shi ne, yaro ya gama lissafi goma kafin kowa, sai a ce ga ashirin irinsu. Ba zai daɗe ba zai gane cewa ladan sauri shi ne ƙarin aiki, sai ya koyi jan ƙafa. Kuskure na biyu shi ne a mai da shi ƙaramin malami, kullum shi ke biya wa na baya. Taimakon 'yan'uwa abu ne mai kyau kuma ya kamata ya yi shi jefi-jefi, amma shi ma karatu ya zo yi.

Zurfafawa ita ce a sauya irin tambayar. Maimakon ƙarin lissafi ashirin, a ce ya tara 1 da 3, sa'an nan 1 da 3 da 5, sa'an nan 1 da 3 da 5 da 7. Zai sami 4 da 9 da 16. A tambaye shi me ya lura, me zai samu in ya ci gaba har lamba ta goma, kuma me ya sa haka take faruwa. A ba shi tsakuwoyi ya jera su murabba'i ya gani da idonsa. A darasin Hausa, maimakon ya haddace jam'in sunaye hamsin, a ba shi mota da motoci, tasa da tasoshi, ƙasa da ƙasashe, gida da gidaje, a ce ya gano abin da ke samun baƙaƙen t da s da d in wasalin i ko e ya biyo bayansu, sa'an nan ya nemo wasu kalmomi da za su gaskata dokar da ya gano ko su karya ta. A darasin tarihi a tura shi wurin dattawa biyu na unguwa ya ji yadda aka kafa ta, in ruwayoyinsu suka saɓa ya faɗi wadda ya fi amincewa da ita da dalilinsa. Yaron da ke irin wannan aiki ya soma yin abin da masanin lissafi da masanin harshe da masanin tarihi ke yi, kuma ba a sayi komai ba sai alli da takarda.

Ƙa'ida ta biyar: a koya masa shan wuya

Babbar cutar da sauƙin karatu ke yi wa haziƙi ita ce ya gama firamare da sakandare bai taɓa zama a kan abu ya gagare shi ba. Bai koyi bita ba, bai koyi tsara lokaci ba, bai san yadda ake faɗuwa a tashi ba. Mu da ke koyarwa a jami'a mun sha ganin irinsu, yaro ya zo da sakamako mai ƙyalli, ya haɗu da darasi na farko da ya fi ƙarfinsa, sai ya ɗauka baiwar ce ta ƙare, ya karaya. Wanda ya saba da fama tun yana ƙarami kuwa ya wuce shi.

Yadda muke yabo ma yana da hannu a ciki. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck suka buga sakamakon gwajin da suka yi da yara 'yan aji biyar. Bayan yaran sun yi wani aiki mai sauƙi, an yabi wasu da cewa suna da basira, wasu kuma da cewa sun yi ƙoƙari. Waɗanda aka yaba da basira sun fi zaɓen aiki mai sauƙi daga baya domin kada sunansu ya zube, da suka gamu da mai wuya suka fi saurin sarewa, wasunsu ma suka ƙara wa makinsu da aka tambaye su. Yabon gwani ya zama dole, amma a yabi abin da ya aikata, a ce hanyar nan da ka bi ta yi kyau, ko na ga ka sake gwadawa har sau uku. Kada kuma a juya wannan ƙa'ida ta zama tsanani. Ibn Khaldun ya yi gargaɗi a Muƙaddimarsa tun a 1377 cewa gallaza wa ɗalibi yana kashe masa himma, ya koya masa ƙarya da yaudara. Aikin ne ya kamata ya yi wuya, malamin kuwa ya zama mai sauƙin kai.

Ƙa'ida ta shida: a tuna yaro ne

Basirar yaro tana iya kai ta ɗan shekara 15 alhali zuciyarsa da hannunsa na ɗan shekara 9 ne. Zai yi maka muhawara kamar babba, an jima ya yi kuka a kan fensir. Hollingworth ta lura cewa yaran da basirarsu ta yi nisa ƙwarai sukan sha kaɗaici, domin abin da ke ba su sha'awa ba ya ba tsararrakinsu, manya kuma ba su ɗauke su abokan hira ba. Maganin wannan shi ne a haɗa su da irinsu ko da sau ɗaya a mako, a ƙungiyar lissafi ko ta muhawara ko ta kimiyya. A can ne haziƙi zai fara gamuwa da wanda ya fi shi, wannan kuwa ya fi kowace nasiha maganin girman kai.

A nan ne kuma tarbiyya ta shigo. Baiwa amana ce, ba shi ya ba kansa ba. Ya yi shara ranar da ta zo kansa, ya gai da na gaba, ya yi wasa da 'yan'uwansa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, amma abin da ya fi wanzar da sunanta shi ne tsarin 'yan taru da ta kafa, wanda ya kai ilmi ga matan karkara. Ya kamata haziƙanmu mata su san wannan tarihi, iyayensu ma su san shi.

Ƙa'ida ta bakwai: malami ya san iyakarsa, ya miƙa shi gaba

Ana ba da labarin Carl Gauss, masanin lissafin nan na Jamus da aka haifa a 1777, cewa malaminsu na firamare ya ce su tara lambobi daga 1 zuwa 100, nan take ya kawo 5,050, domin ya lura 1 da 100 sun ba da 101, 2 da 99 ma haka, har sau 50. Abin lura a tarihinsa shi ne abin da malamin ya yi daga baya. Ya samo masa littafi mafi zurfi, mataimakinsa Martin Bartels ya riƙa karatu tare da shi, har labarinsa ya kai ga sarkin Brunswick wanda ya ɗauki nauyin karatunsa. Gauss ɗan talaka ne, in da malamin ya ji haushi ya ce yaron ya cika rawar kai, da wataƙila ba mu san sunansa ba.

A kwatanta wannan da Srinivasa Ramanujan na ƙasar Indiya. Ya sami tallafin karatu a kwaleji a 1904, aka janye saboda lissafi ya ɗauke masa hankali ya faɗi sauran darussa. Ya ƙare a matsayin akawu a ofishin tashar jiragen ruwa ta Madras. A 1913 ya rubuta wa G. H. Hardy na Jami'ar Kambirij wasiƙa cike da sakamakon bincikensa, Hardy ya gane abin da ke gabansa ya sa aka kawo shi Ingila a 1914. A 1918 aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, ya rasu a 1920 yana da shekara 32. Dokar kwalejin ba ta yi kuskure a kan yawancin ɗalibai ba, amma ba ta da ƙofa domin irinsa, shekarun da ya yi yana fama da talauci kuwa ba su dawo ba.

Malaman ƙasar nan na da sun san wannan ƙa'ida. Ɗalibi in ya ƙure abin da ke wurin malaminsa, malamin da kansa zai ce tafi wurin wane, shi ya fi ni sanin wannan fanni. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman, Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Malamin haziƙi ba lalle ne ya fi ɗalibinsa kaifin basira ba. Abin da ake bukata gare shi shi ne ya san fanninsa, ya iya cewa ban sani ba, mu bincika, kuma ya san wanda zai tura yaron wurinsa. A yau da wayar hannu da intanet suka kawo laccocin manyan jami'o'in duniya har ƙauye, wannan aiki ya ƙara sauƙi, sai dai yaro yana bukatar mai zaɓa masa abin da zai karanta da mai duba abin da ya rubuta.

Abin da ya rataya a wuyan hukuma

Yanzu sai in juyo gare ku ma'aikatan hukuma. Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga keɓe wa haziƙai makaranta. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta zama Kwalejin Barewa, ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta sa haziƙai cikin masu bukatar ilmi na musamman. A wannan shekara ce kuma Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta riƙa zaɓo musu ɗalibai ta hanyar jarrabawa, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu shaida ne a kan amfanin abin. Gwamnatin Tarayya ta buɗe makarantar haziƙai ta Suleja a 1990.

Irin waɗannan makarantu suna da amfani matuƙar an tsare ƙofar shigarsu daga alfarma. Ranar da takardar wani babba ta fi makin yaro nauyi, ranar makarantar ta tashi daga ta haziƙai, ko da allon ƙofarta bai sauya ba. Amma ko an tsare su, 'yan kaɗan za su ɗauka. Mafi yawan haziƙan ƙasar nan suna zaune ne a ajujuwan gwamnati masu cunkoso, a gaban malami ɗaya. Saboda haka ina ba da shawara huɗu. A sa koyar da haziƙai cikin abin da kowane ɗalibin kwalejin horon malamai zai koya, kada a bar shi ga masu nazarin ilmi na musamman kaɗai. A rubuta ƙa'idar tsallake aji da ta ɗaukar darasi a aji na gaba, domin hedimasta ya san abin da doka ta yarje masa. Sufetocin makarantu su daina auna malami da yawan shafukan manhaja da ya rufe kawai, su riƙa tambaya me aka tanadar wa yaron da ya riga ya sani. Sa'an nan kowace jami'a da kwaleji ta buɗe ƙofarta ranar Asabar ko lokacin hutu ga haziƙan makarantun da ke kewaye da ita, su shiga ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje, su zauna da malamai.

Kammalawa

Shugaban taro, jama'a masu sauraro, na kawo ƙa'idoji bakwai: a nemi haziƙi ko'ina, a fara daga inda saninsa ya tsaya, a bar shi ya yi tafiyarsa, a zurfafa masa, a koya masa shan wuya, a tuna yaro ne, a kuma miƙa shi gaba in lokaci ya yi. Wanda ya duba da kyau zai ga babu ɗaya cikinsu da za ta cuci sauran yara. Malamin da ya saba tambayar me wannan yaro ya sani kafin ya koya masa, shi ne kuma zai fi saurin gano wanda aka bari a baya. Ku ɗalibai da za ku shiga aji ba da daɗewa ba, ina roƙonku abu ɗaya. A makonku na farko ku ba da gwajin nan na tambayoyi biyar kafin ku fara babi, ku ga wanda zai ba ku mamaki, sa'an nan ku tanadar masa aikin gobe.